Muhawara: a sake gina injin Peugeot 504 Coupé ta 1973, ko a ɗora mata wani?

Magajin Coupé:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan motar da ta faɗo a rabona cikin gadon mahaifina, Allah ya jiƙansa. Peugeot 504 Coupé ce ƙirar 1973, mai ƙofa biyu da fitilu huɗu a gaba, wadda ya sayo a Yamai tun ban shiga firamare ba. Shekara goma sha huɗu ke nan tana ajiye a rumfa a gidanmu na Zariya, kuma dalilin ajiye ta shi ne ta fara zafi a hanyar Kaduna, da aka duba sai aka tarar ruwan lagireto ya gauraya da baƙin mai har ya yi fari kamar koko. Jikinta lafiya lau, in ban da ɗan tsatsa a ƙasan ƙofar direba. Injin silinda huɗu ne, amma ba shi da kafireta, yana aiki ne da famfon injekta na Kugelfischer. Na kawo makanikai biyu sun gani. Na farko ya ce in sauke injin in jefar, ya samo mini injin 504 na kwance a Panteka. Na biyu ya ce in manta da Peugeot baki ɗaya, ya ɗora mata injin Toyota Hiace da giyabos ɗinsa in huta har abada. Zuciyata ta fi karkata ga gyara wanda ke ciki, amma ina tsoron in zuba kuɗi a rami. Me kuka gani?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Kafin kowa ya ce komai, ƙanena, ka gaya mana abu ɗaya: idan aka sa sifana a kan fulin gaba, injin yana juyawa ko ya daskare?

Magajin Coupé:
Yana juyawa, yaya, amma da nauyi. Mun cire fulogai mun zuba ɗan mai a kowace silinda muka bar shi kwana uku kafin ya motsa.

Tsohon Kakuri:
Alhamdu lillahi da ya motsa. Ɗana, na yi shekaru ina aiki a kan waɗannan injina a Kaduna, saboda haka bari in yi magana da ɗan tsawo. Makanikan nan biyu babu wanda ya buɗe injin a cikinsu, amma kowanne ya riga ya yanke masa hukunci, wannan kuwa shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Injin da ke cikin motarka ɗan gida ɗaya ne da wanda aka riƙa ɗora wa 504 da aka harhaɗa a masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna daga 1975. Girmansu ɗaya, cc 1971, faɗin silinda milimita 88, tafiyar fistin milimita 81, bulok na baƙin ƙarfe, top, wato murfin saman inji, na alminiyam, an kuma kwantar da shi a karkace. Babbar falalarsa ita ce silindojinsa ba a jikin bulok aka huda su ba. Silibi ne guda huɗu da ake zurawa a zare, ruwan sanyaya inji yana kewaye su kai tsaye. Ma'anar wannan ita ce ko da silindojin sun ci, ko tsatsa ta lalata su saboda ruwan da ya kwanta shekara goma sha huɗu, ba ka bukatar kai bulok wurin masu huda. Za ka sayi sabon saiti na silibi da fistin da ringi, ka zura, injin ya koma kamar ranar da ya fito.

Ruwan da ya shiga baƙin mai kuma hanyoyinsa sanannu ne. Ko dai gaskit ɗin top ya ƙone lokacin da ta yi zafi, ko hatimin da ke ƙarƙashin silibi ya saki, ko kuma top ɗin ya tsage ko ya lanƙwashe. Biyun farko gyaran yau da kullum ne. Na ukun ne kawai zai sa a zauna a yi tunani.

Mai Son Gudu:
Ranka ya daɗe Baba, ina girmama iliminka, amma ina da ja. Mota ce ta gudu, an ƙera ta don a ji daɗin tuƙi, kuma ƙarfin injinta na asali bai wuce doki ɗari da ƴan kai ba, wanda ƙaramar Corolla ta yau ta fi shi. Idan har za a kashe kuɗi, me zai hana a ɗora mata 2JZ na Lexus, silinda shida, lita uku, mai ƙarfin doki sama da ɗari biyu, wanda kayan gyaransa ke ko'ina daga kasuwar Ladipo ta Legas har Kano? Turawa da Amurkawa kullum suna yi wa tsofaffin motocinsu irin wannan dashe.

Injiniyan Funtuwa:
Malam Mai Son Gudu, ka ɗauki tef ka auna kafin ka ba da wannan shawara. Silinda shida a jere doguwar aba ce, ga ta a tsaye, alhali bonet ɗin Coupé an zana shi ne a kan injin da ke kwance a karkace, shi ya sa gabanta ya yi ƙasa ya yi kyau. Wannan matsalar tsayi ita ce kuma za ta tarar da mai son ɗora injin Hiace. Amma babban cikas yana ƙarƙashin mota, inda makanikin bai leƙa ba. A 504 salun da Coupé, sandar da ke kai ƙarfi baya tana gudu ne a cikin wani bututun ƙarfe wanda aka ɗaure shi daram da bayan giyabos a gaba, da kuma difaranshal a baya, ta yadda inji da giyabos da difaranshal suka zama kamar kashin baya guda ɗaya. Giyabos ɗin Toyota ba shi da wurin da wannan bututu zai kama. Dole a yanke shi, a ƙera sabuwar sanda, a ƙirƙiro wa difaranshal abin da zai riƙe shi kada ya riƙa ɗagawa idan an taka mai, a sake mazaunin inji, a sake salansa, a sake hanyar kulochi, wataƙila ma a fasa ramin giya a cikin ɗaki. Sannan Coupé ta fi salun gajarta da santimita 19 tsakanin tayoyin gaba da na baya, wato bututunta ma ba irin wanda za ka tsinta a kwance ba ne idan wata rana ka yi nadama. Abin da aka kira hutu har abada, walda ce ta wata uku, kuma kowane ƙarfen da aka yanka ya yanku.

Mai Son Gudu:
Na yarda da maganar bututun, ban san da ita ba. To amma ai kamfanin da kansa ya ga injin bai isa ba, tunda ya sa mata V6 mai silinda shida daga baya.

Na Maraɗi:
Gaskiya ne, daga ƙarshen 1974 aka fara sa wa Coupé injin V6 mai cc 2664, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka ƙera a Douvrin da ke arewacin Faransa. Da irin wannan mota ce Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya a 1978, ya kuma ci na Bandama a Kwadibuwa a shekarar. Amma kada a manta cewa a 1975 Ove Andersson ya ci Safari ɗin da 504 mai silinda huɗu da injekta, wato dangin injin da muke magana a kai. Kuma kamfanin da kansa ya dawo da silinda huɗu cikin Coupé bayan ƴan shekaru, domin V6 ɗin yana shan mai kuma masu saye sun ja baya. Mu nan Nijar mun ga Peugeot 604 da wannan V6, mun kuma ga yadda kamshaf ɗinsa ke ci idan an yi sakaci da canza baƙin mai. Wanda ya samo irinsa a kwance yau, shi ma sai ya buɗe shi ya gyara, ga giyabos daban, ga lagireto daban. Zai bar gyara mai sauƙi ya kama mai wuya.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Bari in sa baki a matsayin mai sayar da kaya, ko da zan ɓata wa ƴan uwana ciniki. Injin 504 na kwance da za ka samu yau a Panteka ko a nan Ƙofar Ruwa ba injin Beljiyam ba ne da ya zo daga Turai da ɗan sauran ƙuruciya. Yawancinsu daga tsofaffin motocin haya da akori-kura aka sauke su, waɗanda suka yi shekaru suna ɗaukar mutum takwas da buhuna a hanyar Jos ko Sakkwato, an yi musu ringi sau uku ko huɗu, an yanke karanshaf har ya kai iyaka. Za a tayar maka da shi a ƙasa, ya yi ƙara mai daɗi na minti biyu, ka biya, bayan wata biyu ya fara hayaƙi. Injin Babanka kuwa mutum ɗaya ne ya tuƙa shi, kuma kun san tarihinsa. Sai dai ina gargaɗinka a kan sababbin kayan ma. Saitin silibi da fistin yana nan a kasuwa, amma akwai mai kyau akwai jabu, kwalinsu iri ɗaya. Ka zo da makanikin da ya san awo, a auna kowane fistin a gabanka, a duba nauyinsu ya yi daidai da juna.

Maman Walida:
Ni ba makanikiya ba ce, amma maigidana ya taɓa shiga irin wannan, kuma ni na riƙe lissafin kuɗin. Tsohuwar Mercedes ce, wani makaniki ya lallashe shi aka ɗora mata injin wata mota, aka sayar da na asalin ga masu gwangwan a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa biyu ba. Motar ta shekara biyu tana yawo tsakanin mai walda da mai wayarin, daga ƙarshe da ya gaji ya nemi mai saye, duk wanda ya buɗe bonet sai ya rage farashi. Saboda haka tambayata gare ka, ƙanena, ita ce me kake nufin yi da motar? Idan ta zuwa aiki ce kullum, lissafin daban ne. Idan kuma ta fita ranar Juma'a ce da ranar Sallah, to ba ka bukatar injin da zai yi kilomita dubu ɗari uku.

Magajin Coupé:
Hajiya, ina da motar zuwa aiki. Wannan ta tunawa da Baba ce, kuma ina son ƴaƴana su shiga ta kamar yadda muka shiga. Ba ni da niyyar sayarwa, amma ba na son in rage mata daraja da hannuna.

Na Maraɗi:
To ka san abin da ke hannunka. An ƙera 504 sama da miliyan uku a duniya, amma Coupé ba su kai dubu talatin ba, kuma jikinsu aikin gidan Pininfarina ne na Turin a Italiya, ba a taɓa harhaɗa su a Kaduna ba. Masu neman irin waɗannan motoci a Faransa abin da suke fara dubawa shi ne ko injin da ke ciki shi ne wanda ta fito da shi. Ka goge gefen bulok ka nemo lambar da aka buga, ka kwatanta da farantin da ke jikin mota da takardun Baba, ka ɗauki hoto ka ajiye.

Injiniyan Funtuwa:
Duk mun taru a kan ƙasan inji, wanda shi ne mai sauƙi, mun bar wurin da gizo ke saƙa. Abin da ya kori makanikan nan biyu ba silibi ba ne, famfon Kugelfischer ne, domin ba su taɓa taɓa irinsa ba. Na'ura ce ta ƙarfe zalla, babu kwamfuta, tana da ƙananan fistin guda huɗu da ke tura fetur da ƙarfi zuwa kowace silinda, sannan akwai wani ƙarfe mai siffa ta musamman a ciki da ke ƙayyade yawan man gwargwadon gudun inji da yadda aka taka totur. Irinsa ne a BMW 2002 tii da Peugeot 404 mai injekta. Idan yana lafiya yakan yi shekaru ba a taɓa shi ba, amma maƙiyansa biyu ne, datti da tsohon fetur da ya bushe ya zama danƙo, kuma shekara goma sha huɗu sun isa su haɗa masa duka biyun. Masu gyara shi yadda ya kamata ƴan kaɗan ne, galibinsu a ƙasashen waje, kuma kuɗin aikawa da gyara da dawowa yana iya fin na ginin injin gaba ɗaya. Wannan ne ainihin shawarar da ke gabanka, ba zaɓi tsakanin Peugeot da Toyota ba.

Mai Son Gudu:
Ai sai a cire famfon a ɗaura kafireta a kai, a wuce wurin.

Tsohon Kakuri:
Ba ta ɗauruwa haka nan, ɗana. Top ɗin injekta daban ne da na kafireta, domin hanyoyin shigar iska ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke son kafireta sai ya nemo top na kafireta da duk abin da ke tare da shi, ya kuma sauya famfon mai, saboda na lantarkin da ke ciyar da Kugelfischer ƙarfinsa ya fi abin da kafireta za ta iya ɗauka. Abu ne mai yiwuwa, kuma alherinsa shi ne da ƙusa kawai ake yinsa, ba a yanka komai, ranar da aka so a mayar sai a kwance a mayar. Za a rasa doki kamar goma, wanda mai fita ranar Juma'a ba zai ji ba. Amma ni ban yarda a fara da nan ba. Wa ya ce famfon ya mutu? Babu wanda ya gwada shi. A wanke tanki, a busa layukan mai, a sa sabuwar filta, a kai nozul huɗun wurin masu gyaran injektan dizal a ga yadda suke feshi, su suna da abin gwaji. Shi kansa famfon a jiƙa shi, a juya shi da hannu a hankali, kuma kada a bar kowa ya kwance cikinsa ko ya taɓa sukurorin saitinsa, domin na ga wanda aka buɗe da guduma da kurfi, daga ranar bai sake aiki ba.

Ga kuma gargaɗi a kan buɗe injin, ka karanta wa makanikinka da bakinka. Da zarar an ɗaga top, kada a sake juya karanshaf sai an danne silibi huɗun da faifan ƙarfe da ƙusa, in ba haka ba fistin zai ɗago su, hatimin ƙasa ya yage, datti ya shiga mazauninsu. Idan an zo haɗawa kuma, dole kowane silibi ya ɗan ɗara saman bulok da ma'aunin da littafin kamfani ya faɗa, ana daidaita shi da hatimi masu kauri daban-daban, ana aunawa da agogon awo. Yawancin injinan 504 da ke sake haɗa ruwa da mai wata uku bayan gyara, a nan aka yi ganganci, aka auna da ido da farce.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Baba ya faɗi gaskiya. Zan ƙara da cewa ka sa a ba lagireton sabon ciki, ka canza famfon ruwa da robobinsa duka, ka kuma mayar da tamostat idan an cire, domin zafin da ya fara kashe injin daga wani wuri ya fito. Makanikanmu suna son cire tamostat su ce ƙasarmu da zafi, su kuma zuba ruwan rijiya zalla, wanda shi ke cin alminiyam ɗin top a hankali.

Maman Walida:
Kuma ko me aka cire, ko da ƙusa ce, ya koma gidanka a kwali, kada ya kwana a gareji.

Magajin Coupé:
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan mako uku. Na sami wani dattijon makaniki a Sabon Gari wanda ya yi aikin 404 da 504 tun yana yaro, muka buɗe injin ina tsaye, muka danne silibi kamar yadda Baba Tsohon Kakuri ya ce. Gaskit ɗin ya ƙone tsakanin silinda ta biyu da ta uku, kuma waɗannan biyun tsatsa ta ci su har ana jin rami da yatsa, saboda haka saitin silibi da fistin ya zama dole. Karanshaf bai taɓa yankuwa ba, dattijon ya auna ya ce goge shi kawai za a yi a sa sabon metal. An kai top Kano an gwada shi da matsin ruwa, bai tsage ba, ya ɗan lanƙwashe ne kawai, za a share shi kaɗan. Lambar bulok ta yi daidai da takardun Baba. Nozul uku suna feshi da kyau bayan wanki, na huɗun yana ɗiga. Famfon ya juya, yana tura mai ta layi uku, layi na huɗu shiru, kuma mun bar shi a jiƙe ba mu buɗe ba. Na yanke shawarar gina injin na asali. Na kuma sayi top na kafireta da kayansa na ajiye, idan layin nan ya ƙi farfaɗowa sai in yi amfani da shi kafin in tara kuɗin aika famfon waje.

Injiniyan Funtuwa:
Madalla. Kada ka yi saurin yanke ƙauna da layi na huɗu, sau da yawa ƙaramin bawul ɗin shigar mai ne ya manne, kuma ana kwance shi daga waje ba tare da an shiga cikin famfon ba. Ka musanya shi da na layi na uku ka gani, idan shirun ya koma na ukun to ka kama ɓarawon. Sannan kada a wuce gona da iri wajen share top, a cire abin da ya zama dole kawai.

Mai Son Gudu:
Na janye 2JZ ɗina, amma ranar da ta tashi ina roƙon a ba ni sitiyari daga Zariya zuwa Kwanar Dangora.

Tsohon Kakuri:
Ba a kilomita dubu na farko ba, ɗana. Sabon ringi yana son tafiya a hankali, a canza baƙin mai da wuri, a sake ɗaure ƙusoshin top bayan injin ya huce, a sake saita bawul. Magaji, idan saitin silibin ya iso, ka turo mana hoton awon kowane ɗaya kafin ku rufe top, ina so in ga lambobin da idona.